Mako guda a manyan azuzuwan firamare: Abin da yaro ke koya daga Litinin zuwa Juma'a a Dabai

Aji huɗu, aji biyar da aji shida su ne ake kira manyan azuzuwan firamare. A tsarin ilimin bai-ɗaya na shekara tara da Najeriya ke bi, su ne matakin tsakiya, domin ƙananan azuzuwa uku suna gabansu, shekara uku na ƙaramar sakandare kuma suna biye da su. Yaron da aka sa makaranta yana ɗan shekara shida zai zauna a waɗannan azuzuwa ne daga shekara tara zuwa sha ɗaya, ko da yake a karkara ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗan shekara sha huɗu a aji shida. A wannan mataki manhaja tana ɗauka cewa yaro ya riga ya iya haɗa baƙi, saboda haka littafi ya zama abin da zai buɗe ya ɗebo ilimi da kansa. Wanda ya iso aji huɗu bai iya karatu ba, kowane mako nisa yake ƙara yi da 'yan ajinsu, ko da kuwa bai taɓa fashi ba.

Dabai ɗaya ce daga cikin masarautu biyar da suka haɗu suka zama Masarautar Zuru a kudancin Jihar Kebbi, tare da Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Garin yana kusa da Zuru, kuma ƙasa ce ta Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Yanki ne na manoma da ya shahara da fitar da sojoji da ma'aikatan gwamnati, har kusan kowane babban birni na Arewa akwai ɗan ƙasar Zuru da ke aiki ko kasuwanci, alhali 'ya'yansa ko ƙannensa suna gida suna karatu. Irin wannan uba yakan aika kuɗin littafi da na tara, ya jira katin sakamako a ƙarshen zango. Abin da ke faruwa tsakanin Litinin da Juma'a, wanda shi ne ainihin karatun, sau da yawa ba ya ganinsa.

Daga ina aikin mako yake fitowa?

Malami ba ya ƙirƙiro abin da zai koyar daga kansa. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ita ke tsara manhaja. An fara aiki da manhajar shekara tara a 2008, aka yi mata gyara aka soma amfani da gyararriyar a 2014, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabon tsari da nufin rage wa yara nauyin darussa, wanda a firamare ake fara aiwatarwa daga aji ɗaya da aji huɗu. Tushen wannan duka shi ne shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumban 1999, da kuma dokar 2004 da ta wajabta ilimin shekara tara kyauta, ta kuma kafa hukumar UBEC.

Daga tarayya manhaja takan sauko hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, da ke Birnin Kebbi, daga nan zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a Zuru, sannan ta isa teburin hedimasta. A hanya ake yayyanka ta zuwa tsarin aiki na mako-mako, wanda malamai ke kira sikim: mako na farko kaza, mako na biyu kaza, har zango ya ƙare. Shekarar karatu zango uku ce, kowane zango kimanin mako goma sha biyu zuwa sha uku. Sai dai makon farko yakan tafi a shara da bitar baya, biyun ƙarshe kuma bita da jarrabawa, saboda haka abin da ya rage na sabon karatu bai cika wuce mako tara ko goma ba.

Takardu uku ne ke riƙe da makon malami. Akwai shirin darasi, inda yake rubuta abin da zai koyar, da matakan da zai bi, da tambayoyin da zai auna yara da su, kuma bisa ƙa'ida hedimasta yakan duba ya sa hannu kafin a shiga aji da shi. Akwai littafin da ake rubuta abin da aka koyar a zahiri a ƙarshen mako, wato dayari. Sai rajista, mai nuna wanda ya zo da wanda bai zo ba. Jami'in sa ido da ya san aikinsa yakan ɗora ukun a kan tebur, ya kuma karɓi littafin rubutun yaro guda ya gwada su. In dayari ya ce an yi kaso cikin ɗari a mako na biyar amma babu alamarsa a littafin yaro, to a takarda kawai aka koyar da shi.

Lissafin jadawali

Darussan wannan mataki sun kai goma da 'yan kai. Akwai Turanci da Lissafi da harshen Najeriya guda, wanda a Kebbi Hausa ce, da Kimiyya da Fasaha, da Motsa Jiki da Kiwon Lafiya, da ilimin zamantakewa da zama ɗan ƙasa, da Tarihin Najeriya wanda aka dawo da shi bayan shekarun da ya yi ba ya cikin manhaja, da Al'adu da Zane-zane, da share fagen sana'a da ya ƙunshi Noma da Tattalin Gida, da ilimin kwamfuta, da Addinin Musulunci ko na Kirista. Larabci da Faransanci na zaɓi ne.

Jadawali ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ana iya ɗaukar misali. A ce darasi minti 35 ne, ana yin bakwai a rana daga Litinin zuwa Alhamis, biyar ranar Juma'a saboda tashi da wuri. Jimilla darasi 33 ke nan a mako, wato awa 19 da kwata. Turanci da Lissafi sukan ɗauki ɗaya-ɗaya a kullum, goma sun tafi. Saura 23 za a raba wa darussa kusan goma, kowanne ya tashi da biyu ko uku. Ma'ana, Kimiyya gaba ɗayanta ba ta cika samun fiye da awa ɗaya da 'yan mintoci a mako ba. Malamin da ya makara rabin awa ranar da take kan jadawali ya cinye kusan rabin rabon yaro na wannan makon.

Litinin ce ranar da ta fi cika da hidima. Kafin ƙarfe takwas yara sun share aji da harabar makaranta, an kaɗa ƙararrawa, an yi layi aji-aji. Ana addu'a, a rera taken ƙasa, wanda tun watan Mayun 2024 aka koma wa tsohon, a yi alƙawarin biyayya ga ƙasa, malamai su bi layi suna duba farce da gashi da tsabtar yunifom. Darasin farko da na biyu galibi Lissafi ne da Turanci, domin da safe ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba, rana kuma ba ta buɗe ba. Litinin ce kuma ranar buɗe sabon kan darasi, sauran kwanakin na faɗaɗawa ne da aikin allo da jinga. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya ake fita tara. Yana da kyau a tuna cewa shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, saboda haka ɗan aji biyar da ya fito gida bai karya ba, kuma babu kuɗin tara a aljihunsa, da yunwa zai kai ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu da ake tashi.

Yawancin makarantu sukan ware rana guda a tsakiyar mako don wasanni, wata kuma don aikin gona ko tsabtace muhalli. Juma'a ta gwaji ce da shifta da karɓar jinga, wani lokaci da muhawara ko kacici-kacici tsakanin azuzuwa, sannan a sallami yara kafin lokacin masallaci.

Harsuna uku a aji ɗaya

A nan ne ajin Dabai ya bambanta da na Kano ko Gwandu. Yaron Kano da Hausa ya tashi, da ita malami ke yi masa bayani idan Turanci ya cije. Yaron Dabai kuwa sau da yawa C'lela yake ji a gida wajen iyaye da kakanni, ya koyi Hausa a layi da kasuwa, sannan ya tarar da Turanci a allo. A gefensa a benci ɗaya ana iya samun ɗan Fulani ko na Fakkawa ko Dukawa, ko ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki daga wata jiha. Hausa ce ke haɗa su, amma ba kowa ne ta zama masa harshen uwa ba.

Manufar ilimi ta ƙasa, tun bugunta na farko a 1977, ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin, daga baya a koma Turanci, kuma aji huɗu ne aka ɗauka a matsayin mahadar. A watan Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa har zuwa aji shida. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne harshen koyarwa. Duk wannan kai-komo bai sauya abin da malamin aji huɗu ke yi da safe ba sosai: yakan rubuta da Turanci, ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, idan ɗan gari ne ya ƙara da kalma biyu na C'lela ga wanda har yanzu bai gane ba. Littattafan karatu da na jarrabawa dai da Turanci suke tun asali.

Haɗarin da ke cikin wannan hali shi ne kwafe-kwafe. Malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe tsaf da kyakkyawan hannu, a yi ta maimaitawa da murya ɗaya har a haddace. Mai wucewa ta bakin taga zai ji aji na amsawa kamar ana karatu sosai. Amma a ɗauki yaro guda a nuna masa layi na uku a ce ya karanta shi kaɗai, nan ake gane ko karatu yake ko bin baki. Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da yake kira talaucin koyo a 2019, wato yaro ya kai shekara goma bai iya karanta ɗan gajeren rubutu ya fahimta ba. Shekara goma kuwa ita ce ta ɗan aji biyar.

Saboda haka ne ayyuka uku na darasin harshe suka fi sauran nauyi a mako: auna fahimta, inda yaro zai karanta labari ya amsa tambaya da kalmominsa, shifta, wadda ba ta ɓoye wanda bai iya rubutu ba, da insha'i, musamman rubuta wasiƙa, wadda ake koyarwa a aji biyar da shida. Akwai kuma dabarar da ƙungiyar Pratham ta fito da ita a Indiya, wadda aka kawo wasu jihohin Arewa ciki har da Borno, inda ake ware wani lokaci a rana a raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke: masu sanin baƙi kaɗai a rukuni guda, masu haɗa kalma a wani, masu karanta labari a wani. Dabarar ba ta buƙatar wani gini ko na'ura, sai dai malamin da zai yarda cewa rabin 'yan aji biyar ɗinsa suna buƙatar aikin aji biyu.

Lissafi, gona da Uhola

Lissafin wannan mataki shi ne wanda ɗan kasuwa zai gane nan take. A aji huɗu ana ƙarfafa ninkawa da rabawa da ɓangarorin lamba, a aji biyar da shida a shiga kaso cikin ɗari, da riba da faɗuwa, da awon fili da nauyi da lokaci. Malamin da ya iya aikinsa ba ya rasa misali a ƙasar Zuru. Buhun dawa da aka saya naira kaza lokacin kaka aka sayar naira kaza da bazara, nawa ne ribar, kuma kaso nawa ce cikin ɗari? Tiya nawa ke cikin buhu? Yarinyar da ke taya uwarta sayar da ƙosai ta iya ba da canji ba tare da kuskure ba tun kafin ta san sunan ɗebewa da Turanci. Aikin aji shi ne ya ɗaura abin da ta sani a ka da abin da ake rubutawa a takarda, kuma inda aka kasa yin haka ne ake samun yaro gwani a kasuwa, na baya a aji.

Darasin Noma ma haka yake. Yaran da ke fita gona tun suna ƙanana sun san lokacin shuka dawa da gero da masara da gyaɗa fiye da yadda littafi zai gaya musu. Abin da makaranta za ta ƙara musu shi ne awo da rubutawa: a shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a riƙa auna tsawonsu kowace Juma'a ana rubutawa har mako huɗu. Wannan ɗan aiki ya haɗa Kimiyya da Lissafi da rubutu, kuma ba ya cin ko sisi. Ga kuma Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, wadda yaro zai iya gani da idonsa a matsayin inda wannan darasi yake kaiwa. Abin takaici, a wurare da dama lokacin Noma ya koma lokacin cire ciyawa a harabar makaranta kawai.

Darasin Al'adu da na Tarihi suna da abin ɗauka a ƙofar gida. Bikin Uhola da ake yi bayan girbi, da al'adar golmo inda saurayi ke yi wa surukai noma shekara da shekaru kafin aure, da ginin tukwane da kokawa da Dakarkari suka shahara da su, duk abubuwa ne da za a iya aika yaro ya tambayi kakansa ya rubuto shafi guda. Ilimin kwamfuta ne ya fi shan wahala, domin inda babu wuta babu na'ura, sai a zana ta a allo a sa wa sassanta suna.

Lokacin darasin addini aji yakan rabu biyu, domin ƙasar Zuru Musulmi da Kirista ne a cakuɗe, wani lokaci ma a gida ɗaya. Kowane ɓangare yakan tafi wajen malaminsa, a dawo a haɗu a darasi na gaba. Makon yaro kuma ba ya ƙarewa da ƙararrawar tashi: akwai Islamiyya ko makarantar allo da yamma ga wasu, karatun coci ranar Lahadi ga wasu, ga ɗiban ruwa da kiwo da talla. Malamin da ya ba da jinga mai shafi uku ranar Talata bai yi la'akari da wannan ba.

Abin da ke cinye mako

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ke bayarwa. Inda aji ya ninka wannan adadi, abin da ke fara mutuwa shi ne duba littafi. In malami zai ba kowane littafi minti biyu, yara 70 za su ci masa awa biyu da minti 20 a kan aiki guda na darasi guda. Shi ya sa ake komawa ga musayar littafi tsakanin yara, ko a sa monita ya duba.

Damina ma tana da nata rabon. Zango na uku yakan faɗo daidai lokacin shuka da noman farko, zango na farko kuma ya haɗu da girbi, kuma a lokutan biyu rajista takan nuna gibi, musamman a manyan azuzuwa inda yara suka isa riƙe fartanya. Ranar kasuwa ma haka. Yaron da ke fashin rana ɗaya kacal a kowane mako, a shekarar karatu mai mako 36 ya rasa kwana 36, wato sama da mako bakwai, fiye da rabin zango.

Sai matsalar tsaro, wadda kudancin Kebbi ya ɗanɗana. An sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, sannan a ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da ke Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, a cikin Masarautar Zuru. Makarantun kwana aka kai wa hari, amma tsoron bai tsaya a kansu ba. Iyalan da suka baro ƙauyuka suka matso kusa da gari sukan zo da yaran da suka yi watanni ba su ga allo ba, a sa su a ajin da shekarunsu suka nuna, sikim kuma ba ya jiran kowa.

Gwaji, jarrabawa da idon iyaye

Sakamakon zango haɗi ne na gwaje-gwajen da ake yi a cikin zango da kuma jarrabawar ƙarshe, saboda haka gwajin Juma'a da jinga suna da maki. A aji shida mako yakan karkata ga shirin jarrabawar shiga sakandare. Hukumar NECO ce ke shirya ta shiga makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, kuma ɗaya daga cikinsu a Zuru take. Jarrabawar ta ƙunshi Lissafi da Turanci da Kimiyya da ilimin zamantakewa, da tambayoyin auna kaifin tunani da lamba da kalma. A nan ne lesin na yamma ke yawaita, ana ta bitar tambayoyin shekarun baya, Zane da Motsa Jiki kuma su koma gefe.

Uban da ke Kaduna ko Legas ba sai ya jira katin sakamako ba. Matsayi na biyar a aji ba ya nuna komai idan duk ajin ba su iya karatu ba. Littafin rubutun yaro ya fi katin faɗin gaskiya: a duba kwanan watan da ke saman kowane shafi, a ga ko akwai aikin Lissafi da Turanci aƙalla sau huɗu a makon, a ga ko jan biro ya bi ta kansu, a ga ko an yi gyara bayan kuskure. Ana iya ɗaukar hoton shafukan a tura ta WhatsApp ranar Asabar. Ana iya kuma kiran yaro a waya a sa ya karanta sakin layi guda daga littafin da bai haddace ba, sannan a ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa ko C'lela. Idan abin da aka gani bai gamsar ba, hanyar ita ce malamin aji tukuna, sai hedimasta, sai kwamitin kula da makaranta na al'umma, SBMC, wanda iyaye da shugabannin gari ke ciki, kuma daga nan ake kai magana ofishin sakataren ilimi a Zuru.